Kiɗan da ke danne magana a falonmu

Duk wanda ya haɗa hom tiyata a falonsa, wato lasifika biyar da wufa guda (lasifikar sauti mai kauri), ba zai daɗe ba zai fahimci cewa akwai kiɗan fim da ke tallafa wa labari, akwai kuma wanda ke kokawa da shi. Ni ina tare da na farko, kuma a ganina manyan finafinan Amurka da yawa na shekarun nan sun karkata ga na biyu.

A wannan tsari na lasifika biyar da wufa guda, wanda ake kira 5.1, kowace lasifika da aikinta. Ta tsakiya, wadda ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, ita ke ɗauke da mafi yawan maganar 'yan wasa, ta hagu da ta dama su ke ɗaukar nauyin kiɗa, biyun baya suna kawo amon wuri kamar ruwan sama ko hayaniyar kasuwa, wufa kuwa rugugi ne nata. Idan makaɗi da mai haɗa sauti suka mutunta wannan rabo, mai kallo zai manta da lasifikun gaba ɗaya.

A ɗauki Interstellar na 2014. Makaɗi Hans Zimmer ya gina kiɗansa a kan babban ogan, wato kayan kiɗa mai bututun iska, na cocin Temple da ke Landan, kuma ba na musun cewa kiɗa ne mai ratsa zuciya. Sai dai tun a sinima masu kallo suka koka cewa yana haɗiye magana, darakta Christopher Nolan kuma ya ce da gangan aka yi hakan. To, sinima zaure ne babba wanda aka lulluɓe bangonsa domin ya shanye amsa-kuwwa, falonmu kuwa tayil ne a ƙasa da siminti a gefe, ga maƙwabta, ga yara suna barci. Sakamakon haka mutum yana riƙe da rimot daga farkon fim har ƙarshe, ya ƙara murya don ya ji abin da ake faɗa, ya rage da sauri idan ogan ya taso, kuma wannan ya raba shi da labarin.

Shi ya sa nake fifita irin aikin John Williams a Jaws na 1975, inda sauti biyu kacal da ake maimaitawa suke isa su tayar wa mutum da tsigar jiki, alhali da lasifika ɗaya aka fara jin fim ɗin. Haka Ennio Morricone, wanda ya yi amfani da fito da muryar mutum da jita a finafinan kaboyi na shekarun 1960, yana barin tazara tsakanin sauti da sauti. Irin wannan kiɗa shi ne ya fi cin moriyar lasifiku masu kewaye, domin kunne na iya bin kowane kayan kiɗa zuwa inda yake. Tsarin sauti na Dolby Atmos, da ya fito a 2012, ya ƙara lasifiku har a sama, amma ƙarin fili ba dalili ba ne na cika shi da rugugi.

Masu shirya finafinanmu na Hausa ma ya kamata su duba wannan, domin fiyanon da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kowace hira, ɗabi'ar da muka gada daga finafinan Indiya, yana gajiyar da kunne sosai a kan na'ura mai kyau. Mai kallo na iya ƙara muryar lasifikar tsakiya kaɗan, ya sa labule mai kauri da kafet, amma ainihin gyaran yana hannun wanda ya zauna a situdiyo ya yanke shawarar inda kiɗa zai shiga da inda zai dakata.