Hannu Ɗaya A Aljihu

Yaro: Oga, na zare fulogin injin wasan bidiyon nan na jefa kwabo, mai lalataccen hoto. In sa hannu?

Oga: Sa mana, in ka gaji da duniya. Kwalbar nan mai nuna hoto, irin ta tsohuwar talabijin, tana aiki da bolt wajen 20,000, kuma tana riƙe wuta ko bayan an kashe ta. Ɗaura waya a sukundireba, ɗaya bakin ka maƙala a ƙarfen firam. Hannu ɗaya a aljihu.

Yaro: Ai ba abin tsaro a aljihun, Oga, tunda ba a biya ni ba.

Oga: Don kada wuta ta ratsa ƙirjinka ne, sarkin surutu. Zura bakin sukundireban ƙarƙashin robar nan da ke manne a jikin kwalbar har ya taɓa ƙarfe, ka ji tas! Jira minti biyar, ka sake. Kuma ka kiyayi wuyan kwalbar, in ya fashe an gama.

Yaro: To me ya sa hoton ke naɗewa daga sama?

Oga: Ruwan cikin kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan masu ajiye wuta, ya bushe, zafi da shekaru sun cinye shi. Shi ke kawo naɗewa, rawar hoto da dusashewa.

Yaro: Bari in cire su duka, a huta.

Oga: Sannan ka tuna gurbin kowanne da ka? Ɗaya bayan ɗaya! Ɗauki hoto tukuna, don wani lokaci alamar jikin bod ƙarya take. Maikurofarad, wato ma'aunin kafasita, ya zama daidai: 47 ka mayar 47. Bolt kuwa daidai ko sama, mai 25 ya karɓi mai 50. Nemi masu jure zafin digiri 105.

Yaro: Wannan zanen na gefe, ado ne?

Oga: Ƙafar negatif ke nan. Juya shi ka ji bindiga. Wanda aka rubuta BP ba shi da gaba ba shi da baya, irinsa za ka mayar. Ka kuma sabunta dalmar ƙafafun filaibak, taransifomar da ke ba kwalbar babbar wuta, tana tsagewa.

Yaro: Na gama. In jona kai tsaye a bango?

Oga: Kai! Wannan monita ce samfurin K7000, sai ta taransifomar rabewa, mai raba ta da wutar bango. Ɗora mita a B+, babban layin wutar bod, ya tsaya wajen bolt 123. Bar ta ta yi awa ɗaya a kunne.

Yaro: Awa ɗaya? To miƙo kwabbai, Oga. Gwaji ba ya yiwuwa ba ɗan wasa.

Oga: Mayar da hannun aljihu.

Yaro: Ai na sauke wutar.

Oga: Duka biyun nake nufi.