Marubutan waya: ba ɓarayi kaɗai ke cinye guminku ba

Duk wanda ya saba karanta littattafan Hausa a waya ya san yadda shafin farko yake. Sunan littafi a tsakiyar furanni da taurari, sunan ƙungiyar marubuta, sadaukarwa ga wata aminiya, sai lambar asusun banki da lambar da za a tura shaidar biya. Naira ɗari biyar ga mai son zauren WhatsApp na kowa da kowa, dubu ɗaya ko fiye ga mai son na manyan mata inda shafi ke fara sauka, mutanen Nijar kuma ga tasu lambar ta tura sefa. A ƙasa sai gargaɗi da manyan baƙaƙe: duk wadda ta fitar mini da littafi waje ban yafe ba, Allah ya isa. Shafin da aka saki bayan la'asar, kafin a idar da isha'i ya zagaye zauruka da dama da ba su biya ko sisi ba.

Kukan marubuta a kan wannan gaskiya ne, haƙƙi kuma ba ya ɓata a wurin Allah. Amma ina ganin ƙarfin da ake ƙararwa wajen farautar wadda ta fitar da shafi ya fi amfanin da ake samu, alhali akwai ɓarnar da ta fi wannan girma, wadda ke hannun marubuta su tare.

Buga littafi da kuɗin aljihu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka karkata ga littattafan makaranta, matasan Kano da Kaduna suka daina jiran kowa. Marubuci ya tara kuɗi ko ya ranto, ya kai wa mai inji, ya ɗauko kwalaye ya kai wa dillalai a Sabon Gari da Kurmi, sannan ya yi ta sintirin karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da 'yan ƙungiyar Raina Kama ta wannan hanya suka yi suna. To ko a wancan zamanin, mutum nawa ke karanta kwafi ɗaya? Mai shagon haya ya sayi guda, ya yi masa sabon bango, ya yi ta bayarwa kwana-kwana har takarda ta yi laushi. A makarantun kwana na 'yan mata kuwa littafi ɗaya kan zagaye ɗakin kwana kaf, kowa da layinta. Marubucin bai ga kobo daga waɗannan ba, amma su ne suka sa idan na biyu ya fito ake rububinsa.

Abin da ya sauya shi ne tsadar takarda da zuwan waya. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, takarda daga waje ake shigo da ita, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 sai faɗuwa ta yi ta yi. Matar da ke cikin gida, wadda ba ta da jarin bugawa kuma ba za ta iya yawon bin dillalai ba, sai ta ga da babban yatsa da data ta isa ga masu karatu a Maraɗi da Kumasi da Jidda. Babu mai inji, babu dillali, babu layin hukumar tace littattafai. Wannan babban 'yanci ne, musamman ga wanda ya tuna cewa a 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Sai dai aron da a da ke tafiya daga hannu zuwa hannu, yanzu danna maɓalli ɗaya ne, kuma zaure guda na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024.

A nan ya kamata a raba ɓarayi gida biyu. Akwai wadda ta tura wa ƙanwarta ko kishiyar yayarta. Ba daidai ta yi ba, amma ba yadda za a yi da ita, domin saƙonnin WhatsApp a kulle suke, ba hukumar da ke leƙa su. Akwai kuma wanda ya mayar da abin sana'a: ya kwashe littafi ya zuba a shafinsa na intanet yana cin kuɗin talla, ko ya karanta shi a YouTube ba izini, ko ya tattara littattafai hamsin na mutane ya buɗe nasa zauren yana sayarwa. Wannan na biyun yana da adireshi, kuma ana iya kama shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai aiki damar aika takardar neman a sauke kayansa daga intanet, YouTube ma yana da nasa fom na ƙorafi wanda kan kai ga rufe tasha idan laifi ya maimaitu. Abin mamaki, marubuciya za ta kwana tana bincike a zaurenta wace ce munafukar, ta kori mutum uku bisa zato, amma mai tashar da ke cin kuɗi da littafinta a fili ba ta taɓa rubuta masa layi ɗaya ba.

Mu yi lissafi kaɗan. A ce mutum 200 suka biya ɗari biyar-biyar, an samu naira 100,000. A ce kuma an yi wata huɗu ana rubutu, ana sayen data, ana biyan cajin waya idan babu wuta. Ya kama 25,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Wadda ta hana fitar littafi gaba ɗaya, in ma hakan zai yiwu, wataƙila ta ƙara masu saye kaɗan, domin yawancin masu karatun bati ko da an toshe ba biya za su yi ba, wani littafin za su koma. Abin da ke ɗaga wannan lissafi shi ne mutum 200 ɗin nan su dawo a littafi na gaba, kowace ta jawo wata. Su kuwa me suka saya? Ba shafin ba, tunda sun san gobe za su gan shi kyauta. Sun sayi riga kowa karantawa, da zaman zauren da ake tafka muhawara kan ko jarumar ta koma gidan mijinta, da amincewar cewa marubuciyar za ta kai su ƙarshe.

Wannan amincewar ce ake wasa da ita. Ana karɓar kuɗi littafi bai wuce shafi ashirin ba. A tsakiya sai biki ya taso, ko rashin lafiya, ko waya ta faɗa ruwa, a yi mako uku shiru. Wani littafin ma ba a ƙarasa shi har abada, kuɗin mutane kuwa an riga an kashe. Wanda aka ƙarasa ɗin ma, da yake kullum sai an saki shafi, ba a samun sukunin komawa baya. Shi ya sa za ka ga Hajiyar da aka yi wa sadakar bakwai a shafi na 30 ta dawo tana zuba wa baƙi abinci a shafi na 75, ko jarumin da aka ce likita ne ya wayi gari matuƙin jirgi. Masu sharhi a zaure su ma sukan karɓe linzami: in sun ce a ƙara wa muguwar uwar miji azaba sai a ƙara, labarin da ya isa ya tsaya a shafi 60 ya miƙe zuwa 120. Ga rubutu ba ƙugiya, ba aya, ba waƙafi, rabin jimla Turanci. Na san za a ce masu karatu ba su damu ba. Sun damu, ba sa faɗa ne kawai. Shiru suke yi idan an tallata na gaba.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan raina ta ba. Wadda ke jiran kuɗin shafin yau ta sayi omo da maganin yaro ba ta da halin ɓoye littafi wata shida, ba ta kuma da kuɗin biyan edita. Amma tsakanin gama littafi kaf da fara sayarwa daga shafi na biyar akwai tazara mai faɗi. Ana iya rubuta rabi, a tsara ragowar babi-babi a takarda, sannan a buɗe zaure. Batun gyara kuwa, ga ƙungiyoyin marubuta nan birjik, kowane littafi da tambarin wata a goshinsa. Idan aikinsu bai wuce gaisuwar zagayowar ranar haihuwa da tallata wa juna ba, an yi asarar taro. Mutum biyu a kowace ƙungiya da suka iya ƙa'idar rubutu, a riƙa ba su wani kaso kaɗan su bi shafi kafin ya fita, sun isa su sauya fuskar aikin. Gasar gajerun labarai ta mata, Hikayata, da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa matan nan sun iya rubutu mai tsafta idan sun san alƙali zai duba.

Sai maganar inda littafin zai kwana. Manhajar OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta zama kasuwa ga marubutan Hausa da yawa, sai ga shi ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wadda ba ta da kwafinta a wani wuri, ba ta kuma da lambobin masu sayenta, ta tashi ba rumfa ba abokan ciniki. Yau akwai ArewaBooks da Selar da Wattpad, kuma ban ce a guje su ba, sun fi zaure tsari. Amma duk rumfar haya ce, mai ita na iya tashinka ran da ya ga dama. Masu kwaɗaita wa mutane Amazon da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin littafi su ma su riƙa ƙarasa magana: wannan kason na littafin da farashinsa ya kama daga dala 2.99 zuwa 9.99 ne, mai karatun da ke tura katin waya na ɗari uku kuwa ba can take ba.

Littattafan kasuwar Kano, duk da rainin da aka yi musu, sun tsira saboda takarda ne. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun wallafa jerin waɗanda suka fito tsakanin 1987 da 2002, kuma ɗalibi na iya zuwa ɗakin karatu ya nemi da yawa daga cikinsu. Na waya fa? Da yawa suna cikin waya ɗaya tak, sai kuma kwafin ɓarayi da aka yanke sunan mai shi. Sau tari idan marubuciya ta yi cigiyar tsohon littafinta, a hannun waɗanda ta ja wa Allah ya isa take samo shi. Haɗa littafin da aka gama wuri guda, da suna da shekara a kowane babi, a aika wa kai ta imel, a nemi lambar ISBN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa in da hali, duk bai kai wahalar rubuta shafi biyar ba, kuma shi ne shaidar da za a fara tambaya ranar da mai fim ya ɗauki labarin ya ce nasa ne.