Harajin Trump ba zai tayar da motocin da Detroit ta binne da hannunta ba

Tun ranar 3 ga Afrilun 2025 da harajin kashi 25 cikin ɗari da Shugaba Donald Trump ya ɗora wa motocin da ake shigarwa Amurka ya fara aiki, magana ɗaya ce ke yawo a bakin magoya bayansa: wai yanzu Ba'amurke zai bar motar Japan da ta Jamus ya rungumi ta gida. Har a nan wajenmu ana samun masu jinjina wa matakin, suna cewa haka ake kishin ƙasa. Ni tambaya ɗaya nake da ita gare su. Matashin da ya fara aiki, ya tara 'yan kuɗinsa, yana son ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, mai zafi a kan titi, wadda albashinsa zai iya ɗauka, wace ce ta gidan da zai saya?

Babu ita. Kamfanonin Detroit, birnin da ke cibiyar ƙera motoci a Amurka, da kansu suka kashe ta, tun kafin a fara zancen wannan harajin.

Da can suna yin irin waɗannan motoci, kuma sun iya. A 2003 Dodge ta fito da Neon SRT-4 daga masana'antarta ta Belvidere a jihar Illinois, mota ce marar kwalliya, cikinta duk roba, amma da injin turbo mai ƙarfin doki 215 a kan kuɗi wajen dala 20,000, ta riƙa barin motocin da suka ninka ta tsada a baya. Chevrolet ta yi Cobalt SS a Lordstown ta jihar Ohio, wadda ta kai ƙarfin doki 260. Sai Ford, wadda ta fi su duka fahimtar abin, ta kawo Focus ST mai ƙarfin doki 252 da ake haɗawa a garin Wayne na Michigan, da ƙanwarta Fiesta ST mai 197. Duk su biyun giyar hannu kaɗai gare su, ko kana so ko ba ka so sai ka taka kulochi. Wanda ya taɓa shiga Fiesta ST ya san abin da nake nufi: sitiyari mai amsa kira nan take, kujera mai riƙe ƙugu idan an sha kwana, ga shi ba ta shan mai kamar manyan. Mota ce da mutum zai kai yara makaranta da safe, ya yi cefane da ita, ranar hutu kuma ya nemi titi mai lanƙwasa ya huce gajiyar mako.

A watan Afrilun 2018 Ford, ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Jim Hackett, ta sanar cewa za ta daina sayar da Fiesta da Fusion da Taurus da Focus ɗin da aka sani a Arewacin Amurka. Masana'antar Wayne aka mayar da ita wurin ƙera manyan motoci, Ranger da Bronco. Dodge ta riga ta yar da Dart tun 2016. General Motors, mamallakiyar Chevrolet, ta rufe masana'antar Lordstown a Maris ɗin 2019, ma'aikata suka watse. Akwai wata Focus guda da Ford ta yi niyyar ci gaba da kawowa daga China, amma a watan Agustan 2018 ta fasa, kuma dalilin da ta bayar shi ne harajin Trump na zangonsa na farko. Wato mun riga mun ga abin da haraji ke yi wa ƙaramar mota a Amurka, ba hasashe ba ne.

Yau idan matashin nan ya shiga kasuwa, ga abin da zai tarar. Honda Civic Si, mai ƙarfin doki 200 da giyar hannu shida, ita ce mafi sauƙin riƙo, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, domin ba ta da yawan laulayi, ba ta kuma faɗuwa warwas idan an zo sayarwa. Volkswagen Golf GTI, wadda ita ce uwar wannan dangin tun 1976, tana da 241, ta fi Civic daɗin zama da kyan ciki, sai dai gyaranta ba na talaka ba ne, kuma an cire mata giyar hannu bayan samfurin 2024, abin da har yanzu ban yafe wa Volkswagen ba. Subaru WRX tana da 271 kuma tayoyinta huɗu duk suna ja, shi ya sa mutanen jihohin ƙanƙara ba sa jin kira a kanta. Hyundai Elantra N tana ba da 276 a kan kuɗin da ya sa sauran jin kunya. Toyota GR Corolla kuwa, da silinda uku kacal take fitar da 300, amma ta fara fita daga sahun masu araha. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta ɗauke da tambarin Ford ko Chevrolet ko Dodge.

Za a ce ai ga Mustang ta Ford. Mota mai ƙofa biyu wadda babban mutum ba ya iya miƙe wuya a kujerar bayanta ba amsar mai iyali ba ce, kuma mai ƙaramin injin ma an raba ta da giyar hannu tun samfurin 2024.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake furta "ta gida" da "ta waje" kamar tambarin da ke gaban mota shi ne takardar haihuwarta. Duk wanda ke harkar 'yan Kwatano ya san ba haka ba ne. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai wata 'yar taga da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Na farkon shi ke faɗin gaskiya: 1 ko 4 ko 5 Amurka ce, 2 Kanada, 3 Mekziko, J Japan, K Koriya ta Kudu, W Jamus. Ka duba Ford Maverick ko Bronco Sport, za ka ga 3, domin a Hermosillo ake haɗa su. Chevrolet Trax, wadda ke cikin mafi arahar abin da General Motors ke sayarwa, da K take farawa. Buick Envision daga China take zuwa. Dodge ɗin ma da ake tinƙaho da ita, mallakar Stellantis ce, kamfanin da hedikwatarsa ke Holan. A ɗaya gefen kuma, Civic mai buɗaɗɗen baya a Greensburg ta jihar Indiana ake ƙera ta, Camry a Georgetown ta Kentucky, da hannun Amurkawa masu biyan haraji a Amurka. Ko GTI ɗin farko da aka sayar a ƙasar a 1983, a jihar Pennsylvania aka haɗa ta. Fiesta ST kuwa da masu kishin gida ke kewa, a Mekziko aka yi ta. To kishin wa ake yi? Na ma'aikaci, ko na masu hannun jari?

Tarihi ma ya riga ya yanke hukunci a kan wannan magani. A farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai sun ɗora wa kajin Amurka haraji, Shugaba Lyndon Johnson ya rama da kashi 25 a kan wasu kayayyaki, ciki har da motocin a-kori-kura, daga 1964. Rikicin kaji ya wuce, harajin a-kori-kura yana nan har gobe. Shekara 60 ke nan Detroit na zaune a bayan wannan katanga, tana cin riba mai kauri a kan a-kori-kura irin su F-150 da Silverado da Ram ba tare da kishiya daga waje ba. Wanda ya saba da irin wannan ribar me zai sa ya wahalar da kansa a kan Focus, inda dole ya yi gogayya da Honda dala bayan dala? Katangar ita ce ta koya musu lalaci. Yanzu an ɗauki abin da ya jawo cutar an faɗaɗa shi zuwa kowace mota, ana kiransa magani. Wannan ba kishin ƙasa ba ne, rashin tausayi ne ga mai ƙaramin albashi, a ƙasar da matsakaicin kuɗin sabuwar mota ya kusa dala 50,000.

An sassauta wa Japan da Tarayyar Turai harajin motocin na Trump zuwa kashi 15 daga baya, ana ta murna. Kafin wannan rigimar kashi biyu da rabi ake biya. Mai sayen WRX ko GTI shi zai cike giɓin, ko yau ko gobe, kuma babu wata Ford da aka tanadar masa a madadi.

Mu ma abin bai bar mu ba. Mafi yawan Corolla da Civic da Camry da ke cika filayen dillalai a Kano da Kaduna da Abuja, daga gwanjon Amurka suka taso kafin su sauka Legas ko Kwatano. Idan sabuwar ƙaramar mota ta yi tsada a can, mai ita zai ƙara riƙe ta, ta hannu ta yi ƙaranci, farashinta ya hau, sannan dala ta zo ta yi nata aikin a kanmu. Kuma mun taɓa shan irin wannan maganin: a 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin da ya kai kuɗin fiton sabuwar mota kashi 70 cikin ɗari, da alkawarin motar gida mai araha. Fiye da shekara goma bayan nan, a nuna mini malamin makarantar da ya sayi sabuwar mota ƙirar gida da albashinsa. Masu tuna zamanin Fijo 504 ta Kaduna su tuna cewa mutane sun saye ta ne don tana jure hanyarmu, kowane bakanike ya san cikinta, kuma ma'aikaci na iya biya da bashin mota.

Idan da gaske gwamnatin Amurka ma'aikacinta take so, hanya a buɗe take. Ta cire wa ƙananan motoci masu araha wannan haraji, ko daga ina suka fito. Ta fara rushe katangar a-kori-kura sannu a hankali. Duk kamfanin da ya zo neman kariya ko tallafi, kamar yadda General Motors da Chrysler suka zo da ƙoƙon bara a 2009, a gindaya masa sharaɗin ƙera motar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Injiniyoyin da suka yi Focus ST da SRT-4 ba daga wata duniya suka zo ba, shugabanninsu ne suka hana su aiki, kuma a kan waɗannan shugabannin ya kamata fushin masu kishin gida ya sauka.