Kuɗin Gajeren Hutu Daban, Kuɗin Ƙarin Lokaci Daban

Da yawa suna ɗauka kuɗin da ake ƙara wa ma'aikaci idan aka rage masa hutu tsakanin aiki da aiki, kuɗin ƙarin lokaci ne. Ba haka ba ne. Shi wannan kuɗin, tazarar da ke tsakanin tashi daga aiki da dawowa yake dubawa, wadda a cikinta mutum zai koma gida, ya ci abinci, ya runtsa. Inda dokar take, wanda ya rufe wurin aiki da tsakar dare ya buɗe da asuba ya cancanci kuɗin, ko da awanninsa na mako ba su cika ba.

A birnin New York na Amurka, ma'aikacin gidan abincin gaggawa da tazararsa ta gaza awa 11 yana karɓar dala 100, kuma ba za a sa shi wannan aikin ba sai ya amince a rubuce.