Auren bakin Tafkin Kware aure ne cikakke, ku bar yaran nan

Wallahi raina ya ɓaci da abin da ake faɗi a kan hotunan auren yaran nan da aka ɗauka a bakin Tafkin Kware, a jihar Sakkwato. Wai auren gudu ne, wai kwaikwayon Turawa, wai da da mutunci ai da an tara jama'a. Jama'a, ku ji tsoron Allah. An ɗaura auren nan da hantsi a ƙofar gidan baffan yarinya, shi ne waliyyinta, an biya sadaki lakadan, shaidu sun ji siga da kunnensu, aka shafa fatiha. Bayan la'asar ango da amarya da ƙannenta da innarta suka fita Kware aka ɗauke su hoto. Ina gudun yake a nan?

Wanda ya karanta Risala a makarantar zaure ya san abin da aure ke tsayuwa a kai: waliyyi, sadaki, shaidu biyu adalai. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Ba a ambaci ɗakin taro ba, ba a ambaci anko ba, ba a ambaci jerin motoci ba. Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Yaran nan sun yi walimarsu daidai ƙarfinsu, maƙwabta sun ci, sun sa albarka. Aurensu ya cika.

Masu cewa al'adar Turawa ce, kun san abin da Turawan ke yi kuwa? A jihar Kolorado ta Amurka doka ta yarda mace da namiji su ɗaura wa kansu aure, ba limami, ba shaidu. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun hau dutse, sun tsaya bakin tafki daga su sai mai hoto, sun sauko a matsayin mata da miji. Wancan ba aure ba ne a wurinmu, kuma da shi yaran nan suka yi da ni zan fara magana. Amma yarinyar da baffanta ya bayar da ita gaban shaidu, innarta na tsaye tana gyara mata mayafi a cikin hoton, ta yaya za a haɗa ta da wancan?

Wata baiwar Allah ta ce hotunan sun nuna talauci. Hajiya, da girmanki, ba haka ba ne. Ɗaukar hoto sana'ata ce, na san wahalar da yaron da ya ɗauka ya sha. Ɗaukar hoto a fili a Sakkwato ba wasa ba ne. Ka fita da rana tsaka, farar shaddar ango ta ƙone a hoto ba ka ganin aikin wuya, fuskar amarya kuma ta yi duhu, ga ruwa na dawo maka da haske cikin kyamara. Dole ka jira rana ta yi sanyi, tsakanin sakaliyar la'asar da kiran magariba, lokacin kuma gajere ne ƙwarai. A cikinsa za ka sa rana ta bayan su, wani ya riƙe maka farin ƙyalle ya mayar da haske kan fuska, ka lura da iska kada ta yaye mayafi, ka roƙi masunta su ɗan dakata da kwalekwale ko su shigo daidai inda kake so. Ga hazon hunturu, ƙura na shiga gilashi kana gogewa. A ɗakin taro fitila ke yi maka rabin aiki. A bakin ruwa kai da idonka ne kawai. Ku sake duba hoton da lallen hannunta ya fito sarai, ruwa na bayanta, ku gaya mini talaucin da kuka gani.

Kuma ko da talaucin ne fa? Laifi ne? Samari nawa ke zaune a garin nan sun haura talatin ba aure saboda lefe da dina da kuɗin anko? Gidaje nawa aka sayar da gona ko aka ci bashi don biki na kwana uku, amarya ta tare ana bin mijinta kuɗin mai abinci? Su waɗannan ba mu zaginsu, yabo ma suke sha. Sai wanda ya tsaya inda ƙarfinsa ya tsaya muke yi wa dariya. A ce mini ai biki zumunci ne, dangi na da haƙƙi. Na ji. Zumuncin da sai an ci bashi ake yin sa, ni ban yarda da shi ba. Aurensu ya cika, na sake faɗi.

Abin da ma ya fi ci mini rai shi ne wuraren ɗaukar hoto da muka rasa. Madatsar ruwan Goronyo a kan gulbin Rima, in ka ga faɗin ruwan da yamma sai ka ce ba a Sakkwato kake ba. Yau wane mai hoto zai ɗauki amarya da innarta ya nufi gabashin jihar nan hankali kwance, da halin da hanyoyin Goronyo da Sabon Birni da Isa ke ciki? Mutanen can wasu ko gonakinsu ba su iya zuwa. Allah Ya kawo mana ƙarshen 'yan bindigar nan, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.