Wai mun saba da zafi

Ranar 19 ga Yulin 2022, ranar da zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby, karon farko da ya haura 40 a Birtaniya, na sauko daga hawa na tara ɗauke da 'yata, wuyanta duk ya feso da ƙurajen zafi. Wata maƙwabciyata Baturiya ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ai ku kun saba." Na san ba da wata manufa ta faɗa ba, amma har yau maganar tana ci mini rai.

Wallahi ban saba da irin wannan ba. Falonmu a Landan bango ɗaya gilashi ne tun daga ƙasa har sama, yana kallon yamma, rana tana dukansa daga azahar har tara na dare. Tagogin duk gefe guda suke, iska ko ta shigo ba ta da mafita. An kuma ɗaure su da ƙarfe don kada yara su faɗo, buɗewarsu ba ta wuce tafin hannu. Gida ne da aka gina don ya riƙe ɗumi a hunturu, shi ya sa ƙarfe ɗayan dare na haska ma'aunin zafin da ke gefen gado na ga 33.

Lissafi kam Turawa suna da shi. Tun Yunin 2022 dokar gini ta Ingila ta wajabta a auna haɗarin zafi kafin a gina sabon gida, har da ƙa'idar cewa ɗakin kwana kada ya wuce digiri 26 fiye da awa 32 a dararen shekara. Na yaba. Sai dai gidanmu ya riga dokar zuwa, ba ta waiwaye shi ba.

Maginin da ya ɗora soron kakata a Yakasai bai auna komai da kwamfuta ba, amma da la'asar ɗin Afrilu in ka shiga ɗakin sai ka ce cikin randa ne. Za a ce mu ma yanzu mun koma bulo da kwano. Haka ne, ɗakin kwano azaba ne. To amma akwai tsakar gida. Bayan isha'i a yayyafa ruwa, a baza tabarmi, kowa ya fito, har barci ya kwashe mu Hajiya tana yi mana fifita.

A Landan kuwa, a wancan daren na rasa inda zan fitar da yarinya. Sai na jiƙa zani na lulluɓa mata, na zauna da kwali ina yi mata fifita har asuba.