Bencin ƙofar gida da farar shaddar surukina

Kun dai san bencin nan na ƙofar gidana, mai katako biyu da 'yar tazara a tsakani. Damina ta wuce ta bar shi da baƙin fumfuna, gara kuma ta fara cin ƙafafunsa. Na ce bari in gyara da kaina, kuɗin mai fenti su huta a aljihuna.

Abin haushin, na san yadda ake yi. Omo cikin tafin hannu a bokitin ruwa, a dirje da buroshi, a ɗauraye, a bar shi kwana biyu a inuwa, don jiƙaƙƙen katako in ya sha rana kai tsaye tsagewa yake yi. Sai sanfefa, mai kaushi lamba 80 tukuna, sannan 120, ana bin tsawon katakon, ba a gicciye ba. A share garin da tsumma mai ɗan danshi. Fentin mai shafa biyu ake yi sama-sama, a ba ta farko kwana guda cur kafin a ƙara. Baƙin mai na korar gara kuwa ƙafafu kaɗai ake shafa wa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, sai a ɗora su a kan bulo.

To ni duk wannan a yinin Asabar na dunƙule shi, kuma da sa hannun maƙwabcina mai rediyo. Mutumin nan bai taɓa riƙe buroshi ba, amma ko ƙusa ka ɗauko sai ya jawo kujera ya zauna ba ka shawara. Shi ya ce in shafe bencin gaba ɗaya da baƙin mai, wai gara ba ta san iyaka ba. Shi ya ce tina ta yi tsada, in sirka fentin da kananzir. Tsanina yana gidansa tun bara, in na tambaya ya ce ai a wurinsa ya fi samun kulawa. Duk da haka na bi maganarsa.

Fenti ba ya kama jikin da ke da maiƙo, kananzir kuma ba ya tashi da wuri. Na lafta kore shar shafa ɗaya mai kauri, sama ta yi fata, ciki ɗanye kamar ƙosan da aka jefa a mai ya yi zafi da yawa. Da safe na shafa da bayan yatsa na ji ƙamas. Da farce ake dannawa, in ya loɓa bai bushe ba. Ban danna ba.

Ƙarfe tara sai ga surukina, ya biyo ta wurinmu za shi ɗaurin aure, cikin farar shadda babbar riga, tana ta ƙyalli. Na zube ina gaisuwa, kaina a sunkuye. Kafin in ɗago ya tattare riga ya zauna.

Jama'a, da wane baki ake ce wa suruki ya tashi?

"Baba, da kun shiga daga ciki," na ce. Ya ce a'a ɗana, nan ma ya fi iska. Ya tambayi aiki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya kawo zancen tsadar taki. Ina ta "lafiya lau, Baba", gumi na bi min baya, alhali sanyin hunturu ya fara shigowa. Sau biyu ya gyara zama, kowanne sai na ji har cikin haƙorina. Da ya shafa addu'a ya yunƙura, sai bencin ya biyo shi. Ya ɗaga kamar taƙi guda, ya yi wata ƙara caɓal, sannan ya sake shi ya faɗo. Baba ya juya yana neman abin da ya riƙe shi, sai unguwa ta ga bayansa: kore, fari, kore.

Mai rediyo ya rage murya ya ce, "Alhaji, ai 1 ga Oktoba ta wuce."

Baba ya ce ba komai, tsautsayi ne. Sau uku ya faɗa, ko sau ɗaya bai dube ni ba. Da kaftanina ya tafi ɗaurin auren, ya tsaya masa a ƙwauri. Shaddar muka bi ta bai-bai da kananzir, tsumma a ƙasa yana tsotsa, tun fentin bai kama ba, don ruwa ba ya yi wa fentin mai komai. Koren ya fita, shatin baƙin man yana nan. Uwargida har yanzu in ta ga kore sai ta shige ɗaki, ban sani ba dariya take ko kuka.

Bencin sai an kankare shi har katako. Jiya mai rediyo ya aiko yaro, wai in akwai ragowar fenti.